Butar nan ta Faransa, tangaran ce ko yumɓu?

Malam, ka tambayi yadda za ka gane tsohuwar butar Faransa da ka saya. Duba bakinta inda ya ɗan ɓalgace. In ka ga ƙasa ja-ja ko rawaya a ƙarƙashin farin, to yumɓu ne aka lulluɓe da ruwan gilashi mai kuza. Kuzar ce ke ba shi wannan fari kamar madara. Faransawa na kiransa fayans. Tangaran na gaske kuwa haske na ratsa shi.

Shuɗin zanen da ke jikinta daga wani ƙarfe mai suna kobalt yake, koren daga tagulla, kuma tun kafin a gasa ake zana su, kuskure ba ya gyaruwa. Ni dai shuɗin fayans na garin Rouen da ke Faransa ya fi burge ni. Kada ka sha ruwa a cikin butar, akwai dalma.