Sun ce ba riba suke nema ba, to me ya sa suke sayar da littafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tawa nake rubuto maka. Mahaifinmu ya rasu bara, ni da ƙannena muka ware jikka 500 cikin gado don mu yi masa sadaka mai gudana. Mun yi niyyar ba wata ƙungiyar addini da ke buga littattafai a Yamai, wadda ta ce ba don riba take aiki ba. Sai ga shi na tarar da littafinsu a kasuwa ana sayarwa jikka 2. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Kada mu ɗauki kuɗin mamaci mu zuba a aljihun 'yan kasuwa. Cuta ce ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka: ganin farashi a bangon littafi ba shaidar cuta ba ce.

Maɗaba'ar da aka kafa don Allah ita ma tana biyan kuɗin takarda, tawada, wuta da albashin mai gyaran rubutu. Takardar da muke bugu da ita daga ƙetare take zuwa, ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta hau mota, ta bi ta hannun jami'an duwan kafin ta iso Yamai. Abin da ya raba irin wannan maɗaba'a da ɗan kasuwa shi ne inda rarar take zuwa. Ɗan kasuwa ya kai gida, ita kuwa dole ta mayar cikin bugu na gaba. Asalin wannan tsari a wurinmu wakafi ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, Manzon Allah (SAW) ya nuna masa ya riƙe asalin, ya yi sadaka da amfanin. Injin da jarin su ne gonar. Idan aka rabar da su, badi babu abin girbi.

Na san inda mutanenmu suka samo tunanin cewa komai kyauta ne. Maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga miliyoyin Alƙur'ani kowace shekara, har da ruwayar Warshu da allonmu ya saba da ita, da fassarar Hausa ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, kuma alhazai suna dawowa da shi kyauta. Amma wannan baitulmalin Saudiyya ne a bayanta. Ƙungiyar da ke ɗaki biyu a wata unguwa ta Yamai ba ta da rijiyar mai. Su ma Kiristoci, ƙungiyarsu ta buga Littafi Mai Tsarki da aka kafa a Landan a 1804, wadda ta fitar da cikakkiyar fassarar Hausa a 1932, tun farko sayarwa take yi da sauƙin farashi, gudummawa ta cike giɓin.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo mini ita: wai "ilimin Allah ba shi da mai shi, kowa ya ga dama ya buga." Da wannan magana ake fakewa ana ɓarna. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da Mus'hafi kansa, domin takarda da aikin hannu ake saye, ba maganar Allah ba. To ina ga littafin fiƙihu? Amma sai mutum ya ɗauki littafin da wasu suka shekara suna tacewa, malami uku ko huɗu sun bi shi layi-layi, ya kai wa mai fotokofi, ya cire sunan maɗaba'ar, ya zuba a kasuwa da rabin kuɗi, kuma ya ce taimakon addini yake yi.

Na riƙe irin wannan da hannuna. Wani malamin Islamiyya ya kawo mini Ahalari mai fassarar Hausa, yana cewa ɗalibansa sun rikice a babin rafkanuwa. Na buɗe, na bi lambar shafi da yatsa. Ganye ɗaya ya faɗi wajen ɗinki, aka manne sauran haka nan, har hukuncin ƙabli ya zarce cikin misalin ba'adi kamar jimla ɗaya. Tawadar ta dushe, wasalin Larabcin ya koma ɗige-ɗige. Yara kusan 40 sun yi wata biyu suna haddace wannan. Wa za a kama? Babu suna, babu adireshi. Wanda ya buga ya ci kuɗinsa, maɗaba'ar gaskiya kuma littattafanta suna jibge a sito suna shan ƙura, ba ta sami abin sake bugu ba. Haka suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan mu dawo muna kukan babu littafin addini mai inganci da Hausa. Akwai hukumar BNDA da aka ɗora wa kare haƙƙin mawallafa, amma ƙaramar ƙungiya ba ta da ƙarfin yin sintiri a ofis wata da watanni saboda littafin jikka 2.

Wanda ya kamata ka yi wa kallon tuhuma shi ne mai sayar da littafin da aka buga wa hatimin "wakafi ne, ba na sayarwa ba". Wannan kam cin amana ne ƙarara, ko da rawaninsa ya kai ina.

Game da kuɗinku, kada ka aika ta waya. Ka shiga mota ka zo Yamai da kanka. Ka nemi su nuna maka takardar amincewar hukuma, da littafin shige da ficen kuɗinsu na bara, ka tambayi sunan malaman da ke duba rubutu kafin a buga. Wanda ya fara kame-kame a nan, ka yi masa sallama. Idan ka gamsu, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: ko dai kuɗin su shiga jari a riƙa juya su, ko a buga adadi sananne da hatimin wakafi da sunan mahaifinku. In ka zaɓi na biyun, ka karɓi kwalayen da hannunka, ka raba wa makarantun Tawa da ka san malamansu, kowane malami ya sa hannu kan adadin da ya karɓa.