Amsoshin Tambayoyinku: Abin Saye da Abin Bari ga Mai Fara Lambu a Bayan Gida

Tambaya: Ina da ɗan fili a bayan gida, ina son shuka tumatir da karas ba tare da takin zamani ba. Amma ƙasar tauri gare ta, in an yi ruwa sai ya kwanta. An ce in sayo yashi in gauraya, wasu kuma sun ce buhunan taki. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, bar yashin nan inda yake. Ƙasarki laka ce, kuma yashi kaɗan ba ya sassauta laka, sai dai ta ƙara daskarewa kamar bulo. Abin da ke buɗe ta shi ne ruɓaɓɓen taki. Ki shimfiɗa shi kaurin santimita 5, ki juya shi da ƙasar sama zuwa zurfin santimita 15 ko 20, sannan ki lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Sauran aikin na tana ne da ƙananan halittun ƙasa, su za su yi ta huda ta ruwa ya samu hanya. Kada faɗin fangalin ya wuce mita 1.2, don hannunki ya kai tsakiya ba sai kin taka ba, domin takawa ke mayar da laka gidan jiya.

In za ki sayi na buhu, buɗe ki shinshina. Mai kyau baƙi-baƙi ne, yana ƙamshin ƙasa. Mai warin fitsari ko tsami bai nuna ba. Wani takin ma yana zuwa da ragowar maganin ciyawa daga abincin dabbobi. Shuka wake a tukunya da shi tukuna: in ganyen ya fito a nannaɗe, kada ya kusanci tumatirinki. Karas kuwa, ki ɗan jinkirta shi har ƙasar ta yi laushi, in ba haka ba a karkace zai fito.

Tambaya: Maƙwabcina zai ba ni kashin kaji kyauta. In zuba kai tsaye?

Amsa: Karɓa, Malam, amma kada ka zuba. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Dokar noman da ba sinadari a Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ni dai na fi son a tara shi: kaso ɗaya na ɗanyen abu, wato kashin da ɓawon kayan lambu, kaso biyu ko uku na busasshen ganye. A jiƙa daidai yadda in ka matsa zai ɗan ɗiga, a riƙa juyawa duk mako. In tulin ya ɗau zafi ya haura digiri 55 a ma'aunin Celsius, yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta sun mutu. Wari na nufin ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan: ƙara busasshen ganye. Nama, mai da kashin kare ko kyanwa ba sa shiga.

Tambaya: Wane kayan aiki zan fara saya?

Amsa: Fartanya, cebur da butar ban-ruwa sun isa. Ragowar kuɗin ya tafi ga iri mai kyau, kuma ka duba takardar: in an rubuta F1, wato irin da aka samu daga haɗa iri biyu, 'ya'yan da ka ajiye ba za su fito irin uwarsu ba baɗi.