Canza salansar babur ɗin doguwar tafiya

Malam, kan tambayarka ta wace salansa za ka saka a madadin ta kamfani, da ko za ka iya ɗaurawa da kanka: ni dai shawarata, canza tukunyar baya kaɗai, wato ɓangaren ƙarshe na salansar, ka bar bututun da ya fito daga inji. Idan ka canza gaba ɗaya, iska za ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi, dole sai an sake saita kwamfutar da ke daidaita mai da iska a injin.

Kada ƙara ta ruɗe ka. Rugugin da ke da daɗi a minti 10 na farko, bayan awa 5 a kan titi ciwon kai ne, musamman ga wanda ka goya. Zaɓi mai toshiyar rage ƙara, wadda dokar ƙasarku ta amince da ita. Ka kuma auna tazararta da jakunkunan gefe, don zafi na narkar da su.

Ɗaurawa ba wuya. Bari inji ya huce, saka sabon gasket (zoben da ke toshe mahaɗar bututun don kada hayaƙi ya zurare), ɗaura kusoshi sako-sako har komai ya zauna, sannan ka matse. Goge shatin yatsu kafin ka tayar, in ba haka ba zafi zai gasa shi a jikin ƙarfen. Bayan tafiyar farko, sake matse kusoshin.