Farin abin da ke manne wa itace da damina

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gara ce ta shafa wa kututturen mangwaronka farin abin nan mai kama da fenti. Ba ita ba ce, gara ƙasa take ɗorawa. Wannan dangin naman kaza ne, sai dai ba ya yin laima, shimfiɗuwa yake a jikin mataccen itace, zarensa na can ciki yana ci. A gonarmu ta Ringim na ɓare irinsa cikin Agusta: itacen ya yi fari, ya yi laushi, har farce na shiga. Danshi ke raya shi, don haka ɗora itacen girkinka kan duwatsu ya sha iska. In kuwa a azarar ɗaki ka gan shi, don Allah canza ta kafin ta rufto.