Tafiretar mahaifina tana kuka amma ba ta bugawa: in zuba mata mai?

Tambaya: Baba, barka da aiki. Mahaifina ya rasu ya bar mini tafireta mai aiki da lantarki, Smith-Corona, ta yi shekara goma sha biyu a rufe cikin ɗaki a unguwar Birni, nan Damagaram. Da na haɗa ta da wuta injinta ya tashi, amma in na danna harafi ba ya tashi, ko ya tashi da kasala. Wani makaniken babur ya ce in ba ta baƙin mai. In bi maganarsa?

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Baƙin man nan kuwa ajiye shi can nesa. Kafin komi, juya ta ka karanta ɗan farantin da ke kusa da wayar wuta. Wutarmu ta Nijar 220 ce, da yawa daga cikin irin waɗannan kuma an ƙera su don Amurka, inda ake aiki da 110 zuwa 120. In haka ka gani a rubuce, kada ka sake haɗa ta sai da tiransifoma.

Abin da ka kwatanta, inji na juyawa amma haruffa sun yi sanyi, kusan kullum bel ne, wanda makanikanmu ke ce wa kuruwa. A irin wannan keke ba yatsanka ke jefa harafi kan takarda ba. Injin ne ke juya wani dogon sanda a ƙarƙashin haruffa ta hanyar bel, danna maɓalli kawai sada harafin yake da sandan, shi kuma ya wurga shi. In bel na santsi, sandan ba shi da ƙarfin wurgi. Cire wayar daga bango, buɗe murfin, ka duba. Wasu bel ɗaya gare su, wasu biyu. Roba da ta sha zafin watan Afirilu da Mayu na Damagaram sau goma sha biyu a wuri guda, za ka same ta ta bushe, ta yi ƙyalli kamar an goge ta, ta kuma ɗauki siffar inda ta kwana, ko ka ciro ta ba ta komawa zagaye. Lanƙwasa ta kaɗan. In ka ga ƙananan tsage, ta gama aiki.

Sabo na kamfani ba za ka samu ba a nan, kada ka wahalar da kanka. Ka zagaya zare ta inda bel ke bi, ka auna, ka tafi da zaren da tsohon bel wurin masu kayan keken ɗinki a kasuwar Dole, ko masu sayar da zoben roba na famfo da injin ban-ruwa. Zaɓi wanda ya ɗan gaza zaren kaɗan. In ka ɗaura, danna tsakiyarsa da yatsa, ya lotsa kamar rabin santimita. Mutanenmu na son ɗaure abu tamau, alhali bel mai tsauri cin bakin injin yake, har ka ji yana zafi yana gurnani. Kuma bel ba ya son mai ko ɗigo. In ya taɓa shi, goge da alkol na famasi, har da ramin da yake hawa.

To, maganar mai. Wata shekara an kawo mini wata daga wani ofis, mai gadinsu ya tausaya mata ya ba ta man gyaɗa. Hunturu ya zo ya wuce a kanta. Da na buɗe, abin da ke tsakanin haruffa ya zama kamar ƙullun ƙuli-ƙuli, kwana uku ina sakace shi da tsinke. Ƙurarmu ke nan, mai laushi kamar gari, duk inda ta ga danshin mai nan za ta zauna. Don haka tsagogin nan da ƙafafun haruffa ke fitowa daga ciki, a bushe ake barinsu. Buroshin haƙori da alkol, ka riƙa ɗaga kowane harafi da hannu har ya koma da kansa. Feshin WD-40, man nan na gwangwani da ake fesa wa tsatsa, shi ma na hana: ranar farko sai ka ce gyara ya yi, bayan wata biyu ya daskare.

Inda ke son mai ba shi da yawa: bakin sandan injin gaba da baya, inda dogon sandan nan ke juyawa a gefe biyu, sai titin da abin riƙe takarda ke gudu a kai. Man keken ɗinki, farin nan marar kauri, ɗigo ɗaya a bakin tsinke ko allurar sirinji, ka goge ragowar da tsumma. Giris sai kan haƙoran ƙarfe, ɗan shafe, bayan ka kankare tsohon. Abin naɗa takarda da duk wata roba, mai kumbura su yake.

Da IBM Selectric ce, mai ƙwallon haruffa da ta fito a 1961, da na ce kawo ta wurin mai gyara. Bel ɗinta mai haƙora ne, ba ya fita sai an kwance sanda, tana kuma da siraran zaruruwan ƙarfe da ke tsinkewa in an murɗa ƙwallon da ƙarfi. Taka mai sauƙin kai ce, da hannunka za ka iya.

In ka gama, bar ta tana juyawa minti biyar ba bugu, kana taɓa injin. Ɗumi ba laifi, amma in ka ji warin ƙuna, kashe nan take. Sannan ka sa tela ya ɗinka mata riga mai kauri, ka kuma riƙa tada ta ko sau ɗaya a mako don kada sabon bel ya kwanta gefe guda. In an yi duk wannan haruffa ba su farfaɗo ba, sake rubuto mini da lambar da ke jikinta.