Tambayi Likita: Idan Haƙorin Yaro Ya Fita Kafin Lokacin Famfara

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An cire wa ɗana mai shekara 5 turminsa na ƙasa bayan ya yi kogo har kuncinsa ya kumbura, sai likitan ya ce mu dawo a sa masa wani ɗan ƙarfe a gurbin. Kakarsa ta ce ɓarnar kuɗi ce, tunda wani zai fito. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hajiya ta yi gaskiya da ta ce wani zai fito, amma a tambaye ta yaushe. Haƙoran nono guda 20 ne, kuma ba lokaci ɗaya suke zubewa ba: na gaba suna fara famfara ne wajen shekara 6, su kuwa turame sai tsakanin shekara 9 zuwa 12 suke barin gurbinsu. Ke nan magajin wannan turmi yana can kwance cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma sai ya shafe shekara huɗu ko fiye kafin ya leƙo.

A tsawon wannan jira haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin ba za su tsaya inda suke ba, domin haƙori yana jingine ne da ɗan'uwansa, da zarar ya rasa majingina sai ya fara karkata zuwa inda ya ga fili. Wanda ya fi kowa wannan hali shi ne babban turmin dindindin da ke fitowa can ƙurya wajen shekara 6, wanda iyaye da dama ke ɗauka na nono ne saboda babu haƙorin da ya faɗi kafin zuwansa. Idan ya gusa gaba ya cinye gurbin, mai wurin zai zo ya tarar an toshe masa hanya, sai ya ɓullo a karkace ta gefen harshe ko kunci, ko kuma ya maƙale cikin ƙashi. Yawancin tsukewar tana faruwa ne a watanni shida na farko, saboda haka kada ki bari a ce sai bayan Sallah.

Ƙarfen da aka faɗa miki matokari ne kawai. Ana zura siririn zoben ƙarfe a haƙorin da ke gefen giɓin, a liƙe shi da simintin haƙori, sai wata lanƙwasasshiyar waya ta miƙe daga zoben ta tokare haƙorin da ke ɗaya gefen. Idan kuwa turmin ƙarshe aka cire alhali na dindindin bai fito ba, akwai samfurin da ke da ɗan harshe mai shiga cikin dasashi don ya nuna wa mai zuwa hanya, kuma wannan ya fi buƙatar sa ido. A ganina ki koma. Kuɗin matokari bai kama ƙafar na gyaran jerin haƙora da waya ba, aikin da kan ci shekara biyu.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 4 ta faɗi a makaranta, haƙoranta biyu na gaba na sama suka fita. Ita ma sai an sa mata? Daga wani uba, Bukuru.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Galibi ba a buƙata, domin idan fiƙoƙi sun riga sun fito, gurbin haƙoran gaba ba ya tsukewa kamar na turame. Za ta zauna da wawulo har wajen shekara 7, kuma ko ƙadangare ya gani, kamar yadda aka tsorata mu muna yara, haƙoran za su fito. Abin da nake so ka yi shi ne a ɗauki hoton X-ray na wurin a tabbatar babu guntun saiwa da ya rage, a kuma duba ko buguwar ta taɓa na dindindin. Ba a mayar da haƙorin nono da ya fita, don yana iya lahanta wanda ke ƙarƙashinsa.

Tambaya: Shekara guda ke nan da cire wa ɗana turmi, ba a sa komai ba. Mun makara? Daga wata malamar makaranta, Rikkos.

Amsa: Sai an auna, Malama. Matokari yana tsare abin da ya rage ne, ba ya dawo da wanda aka rasa. Idan gurbin ya tsuke, wata na'ura daban ce mai ture haƙorin baya a hankali za a fara sawa. Idan kuma hoto ya nuna magajin yana dab da ɓullowa, ƙila a ƙyale shi haka nan. Ki kai shi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko wani asibitin da ke da likitan haƙoran yara.

Tambaya: An sa wa jikana, yaya za mu kula da shi? Daga wani dattijo, Gangare.

Amsa: Baba, kwanakin farko zai ji baƙon abu a bakinsa, daga nan ya manta. A raba shi da cingam, alewa mai danƙo da gullisuwa, domin suna ɗaga zoben, haka nan kada ya gwaguyi rake ko goruba da wannan ɓangaren, kada kuma ya riƙa wasa da wayar da yatsa. Abinci yana taruwa a gefen zobe, don haka babba ya tsaya a kansa ya goge da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid safe da dare. A kai shi dubawa duk wata shida. Idan zoben ya fara girgiɗi, ko dasashi ya kumbura ya hau kan wayar, ko kuka hango farin kan sabon haƙori a gurbin, ku kai shi a makon, kada kowa ya gwada ɓamɓare shi a gida.