Ana Karrama Nas ɗin Ƙauye Kuwa?

Tambaya: Anti, yayata ta yi shekara 22 tana aikin nas a ƙauyenmu. Rigakafi, awon ciki, duk ita ce, amma ko takardar godiya ba a taɓa ba ta ba. Ana karrama irinsu kuwa? Daga wata mai karatu a Gumel.

Amsa: Ana yi, ƙanwata. Babbar lambar yabo ta ma'aikatan jinya ita ce ta Florence Nightingale, wadda ƙungiyar Red Cross ta kafa a 1912, ake bayarwa duk shekara biyu. Wata nas 'yar Najeriya, Kofoworola Pratt, ta samu a 1973. Sai dai, tsakani da Allah, da wuya sunan nas ɗin ƙauye ya kai can. Ku ga mai gari, ranar 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya, ku tara matan da ta yi wa awo, a yaba mata a gabansu.